Ranar da Na Ɗora wa Baba Isuhu Laifin Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a bakin kasuwar Gidan Amumune ba, ko da kuwa ina so in manta. Lokacin na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin shofer a wani buro, wato ofis, da ke raba wa manoma irin shuka a Tasawa. Motar da nake tuƙawa kat-kat ce, irin mai ratsa rairayi, fara, tsohuwa, wadda ta ga shugabanni huɗu sun zo sun tafi. Na san ta sarai, kuma kowa a buro ya san na san ta, don ba na barin a manta.

Ranar mun ɗauko buhunan irin gero, za mu kai kafin ruwan farko. Madam Rabi, shugabarmu, tana gaba kusa da ni, malaman gona biyu suna baya. Mun wuce Mayahi kaɗan sai gaban motar ya fara wata ƙara ta ɓangaren dama, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga cokali a kwano. In na ƙara gudu ta ƙaru, in na karya kwana ta yi muni.

Madam ta ce, "Shofer, mi ke faruwa?"

Ban ko rage gudu ba na ce, "Kardan ne." (Kardan shi ne ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba. Ita ba ta sani ba, shi ya sa na faɗa da ƙarfin zuciya.)

Ta ce, "Ba shi ne Baba Isuhu ya canza sati biyu da suka wuce ba?"

Baba Isuhu dattijo ne mai garaj a Tasawa, shi ke gyara motocin buronmu tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma aikinmu ne rabin abincin gidansa. A nan ya kamata in ce ban tabbata ba. Sai na yi wata ƴar dariya ta hanci na ce, "Madam, ya ce dai ya canza. Amma sabo ba ya kuka haka. Ina jin tsoho ya wanke ya mayar."

Ta ce in haka ne, daga yau motar buro ba ta ƙara shiga garajinsa. Na ji ta sarai, amma ban janye maganar ba.

Da muka kusa Gidan Amumune sitiyari ya fara rawa a hannuna, dole na tsaya gindin wata bishiyar bedi, daidai inda ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja. Madam ta kira Baba Isuhu a waya, ta ce ya zo yanzu ya ga aikinsa da idonsa. Ya ce to, ya hau moto.

Awa uku muka yi muna jira, kuma ban ɓata su a banza ba. Sau uku na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin mota, na kama kardan na girgiza, na fito ina kaɗa kai. Ƴan kabu-kabu suka taru, masu zuwa kasuwa suka tsaya, har da wani Bafulatani riƙe da igiyar sa. Na buɗe musu makaranta. Na ce ƙarar amortisa, mai tare gargada, daban, ta birki daban, ni kunnena kawai ya ishe ni. Na ce makanikan yanzu ba tsoron Allah. (Baba Isuhu ya haura sittin, ban san ta ina ya zama na yanzu ba.) Wani ya kawo mini shayi yana cewa, "Sannu injiniya." Na karɓa.

Bayan azahar ya iso, rawaninsa duk rairayi. Ya gaida Madam, ya gaida jama'a, ya nemi ruwa ya yi salla. Sannan ya zo ya tsaya gaban motar, bai ko leƙa ƙarƙashi ba.

Ya ce, "Ɗana, yaushe ƙarar ta soma?"

Na ce yau da safe.

"In ka taka birki tana sakewa?"

Na ce tana ɗan yin shiru.

Ya ce, "To. Miƙo mini abin ɗaga mota."

Ya ɗaga gaban dama, ya kama tayar da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya girgiza. Ta yi lilo kamar haƙorin da ya kusa fita, ta kuma yi ƙwas ɗin nan da na yi awa uku ina wa'azi a kai. Ya sa yatsu biyu ya murza noti ɗaya, ya fito ya faɗo a tafinsa. Ya murza na biyu, shi ma haka. Cikin shida, biyu ma babu su, sun daɗe da faɗuwa a hanya. Duk shigar da na yi ƙarƙashi, kaina na goga da tayar nan, ban dube ta ba.

Ya juya notin a hannunsa ya ce, "Wa ya ɗaura tayar ga?"

Na duba ƙasa, na duba bedi. Madam ce ta amsa, a hankali: "Shofer, ba kai ka ce mini ƙusa ta huda maka taya ran Talata a hanyar Baudeta ba?"

Ni ne. Nan take na tuna komai. Rana ta yi zafi, na sa tayar, na kama notocin da hannu, sai waya ta yi ƙara. Na sauke mota ina magana, na jefa sifana a baya, na tafi. Ban taɓa ɗaure su ba.

Wanda ya kawo mini shayi shi ya fara dariya. Bafulatanin nan ya ce, "Ashe injiniyan ne da kanshi," ya ja sansa ya wuce.

Baba Isuhu bai yi dariya ba. Ya nuna wa Madam ramukan ƙarfen tayar, duk sun cinye sun yi faɗi. Ya ce, "Hajiya, da kun ƙara tahiyar rabin awa da kayan ga, da ta hita ta bar ku. Allah ya tsare." Ɗaya daga cikin malaman gona ya zauna kan buhu.

Madam ta ce, "Shofer, maimaita gaban Baba abin da ka faɗa mini a mota."

Na maimaita, har da "ya wanke ya mayar". Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka ƙazafi, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, ba komi. Kawo sifana." Ya ɗaura tayar ajiya, wadda na kai aka liƙe bayan hudar Talata, ya ciro noti ɗaya ɗaya daga tayoyin baya ya cika gurbin waɗanda suka ɓata. Sannan ya miƙo mini sifanar ya ce in ɗaure da kaina, ya tsaya a kaina yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'a na taya shi.

Irin ya isa hannun manoma kafin la'asar. Garajin Baba Isuhu na nan da aikinmu. Ni kuma an rubuta mini takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata, Madam ta sa ni na karanta da kaina.

Abin da na koya bai da yawa. Yanzu in mota ta yi ƙara, kafin in tambayi wa ya gyara ta, sai in fara tambayar wa ya taɓa ta daga ƙarshe. Na lura sau da yawa mutumin yana tsaye cikin takalmina.