Farfesan Maƙogwaro da Gangar Asibi

Allah ya yi wa unguwar Sheshe baiwa da Alhaji Mikail, mutumin da ba mu san darajarsa ba sai da ya gaya mana da bakinsa. Mu don ƙishirwa muke shan zoɓo. Shi kuwa sai ya ɗaga kofi sama, ya shinshina, ya kurkure baki, ya lumshe ido, sannan ya sanar wa duniya ta waya abin da ya ji. Sati biyu ya taɓa yi a Dubai, tun daga nan harshensa ya fi ƙarfin Kano. Farfesan Maƙogwaro muke ce masa, shi kuma ya ɗauka digiri muka ba shi.

Ƙungiyar masu lemon gida tana neman wanda zai riƙa tantance abin sha kafin ya shiga kasuwa, Farfesa kuwa ya ƙwallafa rai a kan kujerar. Saura kwana uku zaɓe ya ji labarin Asibi, mai sayar da zoɓo a bakin masallaci, ta matse inabi ta rufe a gangar katako tun bayan sallah. Ya saɓa babbar riga sai gidanta. Matar ta tafi barka, gangar kuwa tana zaure. Ya buɗe abinsa, ya jingine waya, ya fara watsa kansa kai tsaye.

"Jama'a, ku matso ku ƙaru," in ji shi bayan kurɓar farko. "Wannan tsamin ba na kowa ba ne. Inabi ne zai fara yi maka sallama, katako ya amsa, can sai wani ɗumi ya sauka a ƙirji kamar an lulluɓe ka da bargo. Wanda bai fita waje ba, ba zai gane ba."

A kofi na biyu ya ba shi maki tara cikin goma. A na huɗu ya ƙara masa zuwa sha biyu, ya tuɓe hula, ya ce zauren yana ɗan juyawa, wai alamar kaya mai kyau ke nan. Masu kallo suka haura dubu uku, har da shugaban ƙungiya.

Ana haka Asibi ta dawo. Ta leƙa gangar, ta dubi baƙon nata yana yi wa bango murmushi.

"Alhaji, kofi nawa ka sha?"

"Hajiya, na gama tantancewa. Tsarkakakke ne, na sa hannu."

"Khal nake haɗawa, ruwan tsamin nan na magani," in ji ta a hankali. "Malamin da ya koya mini ya ce kada a taɓa sai ya ƙara wata biyu ya juye. Yanzu dai, ka yi haƙuri, giya ce."

Farfesa ya kai hannu zai kashe waya, ya ga wayoyi biyu, ya danna wadda babu ita. Wallahi na tausaya masa, amma sai da na gama dariya.

Ranar zaɓe ƙungiya ta ba Asibi kujerar. Hujjarsu ita ce, ko ba ta sha ba ta san abin da ke cikin ganga.