Takalmi ko Takunkumi

"…lafiya lau, mun gode Allah. Ya ƙafa, tsohon miji?"

"Ban ci ba tukuna, amma na gode."

"Ƙafa na ce! Ƙafarka!"

"To ki dafa mana, wa ya riƙe ki?"

Ina gefe ina duba littattafan yara da jan biro, na ce a raina yau akwai kallo. Ofishinmu na malamai a makarantar kurame ɗaki ɗaya ne, tebur huɗu da wata fanka da ta fi ƙara a kan iska. Wanda ya shigo a lokacin hutun nan kakan Malama Ƙarama ne, mahaifin babanta, wanda kowa ke kira Mai Inji. Shekara arba'in ya yi yana tsaga katako, ƙarar inji ta tafi da kunnuwansa, bakin ne dai ba ta taɓa ba. Shi da jikar nan tasa ba sa haɗuwa a rabu ba a yi ba.

Ita kuwa Malama Ƙarama, shekara ashirin ina aikin nan ban ga mai hannu irin nata ba. In tana ba yara labari da hannu, ko kai mai ji sai ka ajiye abin da kake yi ka saki baki. To wata huɗu ke nan ƙuraje suka yi mata dirar mikiya a fuska, tana da shekara talatin da huɗu, ga zufar da dama can take fama da ita, wadda ke jiƙa alli a hannunta har ya ƙi rubutu. Sai ta ɗaura takunkumi daga ƙasan ido har haɓa, ta ƙi cirewa. Da safiyar ranar ta gaya mini cewa ana gama hutu za ta shiga wurin shugabar makaranta ta roƙi a cire ta daga aji a mai da ita sito, can wurin kwalaye da tsintsiya. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza. Abin ya ƙona mini rai, wallahi.

Mai Inji ya ja kujera ya zauna, ya dire mata leda a tebur. "Ga saƙonki, amarya. Ki shaida a gaban mutane cewa mijinki ba ya wasa da aike."

Ta buɗe. Silifa ne na roba, ruwan hoda, da fure a kai.

"Mene ne wannan kuma?"

"Abin da kika ce. Takalmi."

"Takunkumi na ce! Kwali ɗaya, a shagon maganin da ke kusa da gidanka!" Ta nuna abin da ke fuskarta.

"Au, wannan? Ni a sanina jaki ake ɗaura wa don kada ya ci kayan mutane. Me kika ci wa mutane?"

"Kai ya kamata a ɗaura wa, da unguwa ta samu barci."

"Ni dai an cuce ni," in ji shi, ya juyo gare ni. "Malama, ki yi mana shari'a. Mace sukutum na aura, yanzu an bar ni da ido biyu da goshi. Ina hancin? Wa aka ba ajiya?"

"Hancin ya shaƙi man zafin da kake shafawa ne ya yi hijira."

"Amin, amin. Allah ya saka."

Na ƙunshe dariya. Ta ɗaga murya har fankar ta ji kunya.

"Ƙuraje nake rufewa, tsoho!"

"Kuraye? Innalillahi! Kiwon kuraye kika koma? Shi ya sa na ga kin rame, ashe su ke cinye abincin."

"Ƙu-ra-je! Da zufa!"

"Tsufa? Ai na daɗe ina gaya miki. Ki dube ni, jiya ma wata ta ce mini ɗan saurayi."

"Makauniya ce."

"Ƙwarai kuwa, kyakkyawa ce."

Na kasa haƙuri na sa baki. "Baba, zufa take cewa. Gumi."

Ya kalli bakina ya amsa nan take. "Zufa? To don zufa ake ɗaure fuska? Ai wannan kayan gidanmu ne, a wurina ta sata. Ni lokacin da nake kan inji, in na yi zufa garin katako ya manne mini, sai in koma gungume. Akwai ranar da wani kafinta ya taya ni, har ya fito da abin awo."

"Da ya saya ma, da mun huta," in ji ta.

"Kakarki kuwa, Allah ya jiƙanta, a ƙarƙashin igiyar da take shanya rigunana ta shuka albasa. Ba ta taɓa yi mata ban ruwa ba."

"Kai dai ƙarya ba ta yi maka wuya."

"Wuya? Har wuya, har gadon baya! Kuma da rigar nan jiƙaƙƙiya na je zance, aka ba ni mata. Ke kuma ɗan digo biyu a hammata kin koma sa baƙar riga kullum kamar mai zaman makoki. Mijinki na raye, yarinya, ki daina yi mini fatan mutuwa."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Ta ɗauki hankici ta goge tafin hannunta, ta sake gogewa.

"Kai wasa kake yi. Yara sun canja mini suna." Ta ɗaga yatsu ta ɗan tattaɓa kuncinta, ɗigo-ɗigo. "Haka suke kirana yanzu. Da idona na gani."

Mai Inji ya dube ni, na yi masa bayani. A wurin kurame kowa da sunansa na hannu, kuma da abin da ido ya gani suke raɗa shi, babu ɓoye-ɓoye. Na ce da ita, "Ni shekara ashirin sunana hanci, sai su kama nasu su ja gaba. Ita shugaba sunanta tumbi. Wa ya mutu a cikinmu?"

"Allah ya yi wa yaran nan albarka," in ji tsohon. "Malama, hancin nan kuwa sun yi adalci."

"Baba, ba da ni kake wasa ba, ka tsaya a kan matarka."

Na juya gare ta na faɗi abin da ke cina. Maganar hannu rabinta a fuska take. Tambaya a gira take, mamaki da zolaya a baki da kumatu. Tun da ta rufe fuska yara ke zuwa wurina suna cewa maganar Malama ta zama guntu-guntu, ba sa gane ko tambaya take yi ko faɗa. Ta san haka sarai, ta ma fi ni sani. Shi ne ma dalilinta na cewa gara ta ba wani wuri.

Ta jawo kujera kusa da kakanta, ta sassauta murya. Wasa ya fita daga idonta.

"Kaka, aji zan bari. Na gaji da kallo. In na ɗaga hannu ana ganin rigata a jiƙe, in na buɗe fuska ana ganin wannan. Yau zan gaya wa shugaba."

Tsohon ya washe baki yana gyaɗa kai. "Madalla, madalla. Allah ya sa albarka."

Ta ƙura masa ido. Ni ma biro ya tsaya a hannuna.

"Kaka, me na ce?"

Ya kalle ta, ya kalle ni, kamar yaron da aka kama bai yi aikin gida ba. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar.

"Amarya, in gaya miki gaskiya? Wata huɗu ke nan ban san me kike cewa ba. Ni baki nake kallo, da shi nake ji. In kin yi ihu nakan tsinci wutsiyar magana in ɗora tawa a kai. In na ga idonki ya yi dariya, sai in yi. In na ga ya yi sanyi, sai in yi addu'a, ko za ta dace." Ya nuna ledar da haɓa. "Takalman nan ma ba tsokana ba ce. Shago uku na shiga kafin in samu masu fure."

Allah sarki. Ban san lokacin da idona ya cika ba. Tsohon nan kullum Asabar tana zuwa gidansa ta zauna ta yi ta zuba, shi kuma yana ta gyaɗa kai don kada ta ji ba daɗi.

Malama Ƙarama ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kai hannu bayan kunne ta zare igiyar, ta zare ɗayar. Ba zan yi ƙarya ba, ƙurajen suna nan, jajaye a haɓa da kumatu, takunkumin ma ya ƙara tunzura su, ga zufa ta taru a saman leɓe. Amma fuskar ce dai, wadda na sani, mai magana tun kafin hannu ya motsa.

Mai Inji ya matso ya ƙura ido, ya leƙa dama ya leƙa hagu.

"Su ke nan kurayen?"

"Su ke nan."

"Kai! Na ji wannan!" Ya buga cinya. "Sake faɗa!"

"Na ce su ke nan, kurman banza."

"Alhamdu lillahi, matata ta dawo da rashin kunyarta! To don waɗannan 'yan tsirarun kika sa ni zaman gwauro? Ni na zaci hancin ne ya faɗi. Abin haushi ma har yanzu kin fi ni kyau, kaɗan."

"Likita ya ce sai an yi watanni ana shafa magani."

"To a yi ta shafawa. Ni shekara nawa ina shafa man zafi, kin ga na ɗaure ƙafar a buhu? Yanzu maimaita mini abin da na sa wa albarka ɗazu, don ban yarda da shi ba."

Ta maimaita, a hankali, yana bin leɓenta da ido. Da ta kai kan sito sai ya ɗaure fuska.

"Na janye albarkar, a dawo mini da abata. Sito? Hannun nan za ki kai wa kwalaye? Ni tsoho ɗaya kin bar ni a duhu wata huɗu, ji yadda na koma, ina sayen takalmi. Su yaran nawa ne?"

"Ashirin da uku."

"Ashirin da uku! Ki shiga siton nan ki gani, a gaban Malama mai hanci zan sake ki, in auri makauniyar jiya."

"Ashe ka ji wannan!"

"Na tsinci wutsiyarta."

Fitilar da ke saman ƙofa ta fara ƙiftawa, ita ce ƙararrawarmu. Hutu ya ƙare. Malama Ƙarama ta miƙe, ta goge hannu, ta ɗauki alli. Ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta fuskanci kakanta, ta motsa leɓe ba tare da ta fitar da sauti ko kaɗan ba. Magana ce mai ɗan tsawo, har da ɗaga gira a ƙarshe.

Tsohon ya fashe da dariya har da tari, yana dukan tebur. "Na sallama! Wallahi kin ci ni, 'yar nema! Je ki, na bar miki yau."

Na bi ta da ido ta taga. Ofishin shugaba ne farko a baranda, ta wuce shi ko waiwaye babu, ta shiga ajinta. Ina hango ta ta ɗaga hannuwa biyu sama tana gaishe su, rigar a jiƙe, fuska a buɗe, yara suka miƙe suna kaɗa tafuka a iska kamar za su tashi. Ni dai na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Na dawo kan tsohon, yana ta share hawayen dariya da bakin hula.

"Baba, don Allah me ta ce maka?"

Ya dube ni da tausayi, ya girgiza kai.

"Au, ba ki ji ba? Malama, ki je a duba miki kunne."