Wuƙar Anaruwa Mai Auren Mangwaro

A ƙauyen Kwarin Gawo, gida na ƙarshe kafin ka gangara fadama, nan Anaruwa yake zaune, daga shi sai matarsa Tabawa. Yayansa Shekarau yana can tsakiyar gari a gidan bulo, ba ya leƙo su sai da dalili. Shi Anaruwa mutum ne wanda in ka gaya masa magana, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In Tabawa ta ce ya duba mata tuwo a wuta, sai ya tsuguna ya zuba masa ido har ya ƙone ƙurmus, ta zo tana salati ya ce, "Wallahi ko ƙiftawa ban yi ba." Ga shi da taurin kai na bala'i. Gari na ce masa wawa, shi kuma yana cewa su ne ba su san abin da bakinsu ke faɗa ba.

Amma fa Allah ba ya hana bawa duka. Anaruwa gwani ne a auren mangwaro: a yanko ɗan reshe daga bishiya mai daɗi, a fere shi sumul, a tsaga kan ƙaramin dashe a cusa, a naɗe da leda, su haɗe su zama ɗaya. Ubansu ne ya koya masa, ya kuma bar masa 'yar wuƙarsa mai ninkewa, mai ƙotar ƙaho. Tsohon ya bar wata bishiyar mangwaro a bakin rafi, wadda 'ya'yanta ba zare, ga ƙwallo siriri, ga zaƙi har kunne. Babu irinta a duk yankin, domin ya ce wa Anaruwa, "Kada ka yanki reshenta sai ka ga za ta mutu." Shekara goma sha ɗaya ke nan ko ganye bai tsinka ba.

Wata rana sai ga Shekarau da sassafe, ko zama bai yi ba.

"Na sayar da filin bakin rafi, gidan kaji za a gina. Asabar ta uku masu injin yankan itace za su zo."

"Yaya, bishiyar Baba fa?"

"Baba ya riga mu gidan gaskiya. Ni da rai nake, ina da buƙatu."

Anaruwa ya zabura. Ya miƙe tsaye ya ce, "Za ta mutu ke nan?" Shekarau ya ce ƙwarai kuwa. "To madalla, yanzu na sami izini. Ku zo da injinku, ku zo da kakan injinku. Kafin ku iso na aura rassanta a kan dashena, mangwaron Baba ba zai ƙare a hannuna ba." Shekarau ya yi tsaki ya kaɗa rigarsa ya fita.

Wata rana, kwana biyu da yin haka, Anaruwa ya zauna gwada hannu a kan dashen da yake reno a bayan ɗaki, sai ya ji ruwan wuƙar yana girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Ya so yanka miƙe, ta karkace. Ya sake, ta ninke ta datse masa yatsa. Shi kuwa aure ba ya kamawa da karkataccen yanka, sai reshen ya bushe a banza. Tabawa ta ɗaure masa yatsan da tsumma ta ce, "Malam, nemi roba ka ɗaure ta tam, kada ta ƙara motsi." Ya ninke wuƙar, ya samo tsohuwar robar tayar keke ya naɗe ta ya naɗe ta har ta koma kamar curin daddawa, ya tafi gindin bishiya ya zauna. Da la'asar Tabawa ta kai masa fura ta tarar da shi ya ajiye curin a gabansa yana gadi.

"Nawa ka aura?"

"Ko ɗaya. Amma albishirinki, tun safe ko gezau ba ta yi ba."

"Innalillahi! Ai a buɗe za ka ɗaure ta!"

"Kin ce a buɗe?"

"Ban ce ba, amma..."

"To wannan amma ɗin riƙe abinki, ni ba ki ba ni ita da safe ba."

Suka kwance suka ɗaure ta a buɗe, girgiɗi na nan yadda yake, domin ciwon a can ciki yake. Ya gwada wuƙar yankan kuɓewar Tabawa, kaurinta ya murƙushe reshen. Ran nan dai ta tafi a banza.

Wata rana ya ɗauki wuƙar ya nufi maƙera wurin Baba Jatau. Damina ta kawo kai, fartanyoyi sun taru gaban tsohon, ko ɗaga ido bai yi sosai ba. Ya karɓa ya girgiza ya miƙo masa. "Ƙusar tsakiya ce ta saki. Ga guduma can, ɗora ta a kan dutse ka yi ta bugun kan ƙusar har ta daina girgiɗi." Anaruwa ya zagaya baya. Ya buga sau uku, ya taɓa, ya ji saura ɗan kaɗan. Mai hankali da ya ƙara ɗaya a hankali ya tsaya, amma ina! An ce ya yi ta bugu. Ya tattara ƙarfinsa kamar mai haƙar rijiya ya dinga kirɓa, ƙotar ƙaho ta tsage, ƙusa ta yi tsalle ta faɗa ciyawa, ruwan wuƙar ya karye biyu. Ya tattaro gutsattsarin a tafin hannu ya kai wa maƙeri.

"Baba, ta daina."

Jatau ya saki zugazugi ya riƙe baki. "Kai Anaruwa, Allah ya shirye ka! Wuƙar ubanka ka yi wa haka?"

"Ka ce sau nawa zan buga? Ba ka ce ba."

Bakinsa dai bai mutu ba, amma idonsa ya cika da hawaye, domin yana son wuƙar nan kamar ransa. Ya ƙulle gutsattsarin a bakin riga. Jatau ya tausaya masa ya ce shi fartanya da lauje ne aikinsa, bai iya mai ninkewa ba, sai dai ya bari ranar Alhamis ya je kasuwa wurin Sallau mai koli ya sayi wata.

Wata rana, Alhamis ɗin ke nan, zai fita Tabawa ta bi shi har ƙofa tana jan kunne. "Malam, 'yan koli ba su da tsoron Allah. Kada ka biya sai ka gwada ta a kan aikinka." Ya isa kasuwa ya tarar Sallau ya shimfiɗa tabarma, ya jera madubai da kwaɗon ƙofa da wuƙaƙe masu ninkewa, sai ƙyalli suke a rana. Anaruwa ya ɗauki wata mai jar ƙota, ya jefa aljihu, ya ce "Ina zuwa," ya kama hanyar fadama hankali kwance. Sallau ya yi kururuwa, "Ɓarawo! Ku tare shi!" Kafin ka ce kwabo kasuwa ta yamutse. Aka cim masa a bakin turken awaki, wani ya kai masa mangari, wani ya yage masa riga daga wuya har ƙugu. Allah ya taimaka wasu mutanen Kwarin Gawo suka gane shi suka shiga tsakani.

"Ina za ka da wuƙata?" in ji Sallau yana haki.

"Lambu mana. An ce kada in biya sai na gwada a kan aikina. Ka ga aikina a kasuwar nan?"

Sallau ya fizge wuƙarsa ya ce ko da kuɗi a hannu ba zai sayar masa ba yau. Kasuwa kuwa sai wani mako. Da yamma Shekarau ya zo yana kumfar baki wai an zubar musu da mutunci a bainar jama'a. Anaruwa yana zaune Tabawa na gasa masa kumburin goshi, ya ɗago ya ce, "Yaya, kai da ka sayar da bishiyar Baba ba ka ji kunya ba, ni ne zan ji don an yaga mini riga? Riga ana ɗinkewa." Shekarau ya tafi yana ƙunƙuni.

Wata rana, Alhamis ta ƙarshe, jibi masu inji za su zo. Tabawa ta ce yau ƙafarta ƙafarsa. Suka biya ta maƙera, Baba Jatau ya kira shi ya ce, "Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Wuƙar aiki ba a zaɓenta da ido, hannu ke zaɓe. Kada ka bi ta kallo, ka taɓa ka ji." Suna isa bakin kasuwa Anaruwa ya tsaya cak, ya cire hularsa ya ja ta har hanci, ya ɗauko tsumman aljihunsa ya ɗaure a kai. Tabawa ta yi magiya, ta yi faɗa, ya ce ko za ta mutu ba zai buɗe ba, maƙeri ya ce kada ya kalla. Haka ta ja shi da hannu, tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige, mutane na biye da su suna shewa har tabarmar Sallau.

Sallau ya ga taro, ya ga kuma damar da zai rama, ya cusa wa wawa wadda ta fi duka lalacewa. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku shaida! Wuƙaƙena ba su da na biyu. Duk wuƙar da hannunsa ya zaɓa a kan tabarmar nan tasa ce, kuɗinsu ɗaya." Anaruwa ya durƙusa ya fara lalube. Ya ɗauki ta farko ya buɗe, ya kama ruwan da yatsu biyu ya motsa, ya kai kunne ya girgiza. "Wannan tana girgiɗi." Ya ajiye. Ta biyu, "Wannan ma." Ta uku, "Wannan tun ba a yi aiki da ita ba ta tsufa." Dariyar mutane ta fara raguwa, wasu da suka sayi irinsu suka shiga laluben aljihu suna gwada nasu. Sallau ya fara gumi yana turo masa mai jar ƙota, Anaruwa ya taɓa ya ce, "Allah ya kiyaye, ashe wannan aka doke ni a kanta?" Ya bi su kaf bai sami ta kirki ba. Can hannunsa ya kai gefen tabarma, daf da gwiwar Sallau, ya ci karo da wata. Ya buɗe ta, ta ce ƙas. Ya motsa, ko alama. Ya shafa kaifin da babban yatsa, siriri kamar aska.

"Wannan."

Sallau ya zabura. "Kai, ajiye! Wannan ba ta sayarwa ba ce, tawa ce ta yankan igiya, shekara tara tana aljihuna!"

"Tana kan tabarma ko ba ta kai?"

Taro ya amsa baki ɗaya, "Tana kai!" Wani dattijo mai sayar da igiya ya ce, "Sallau, kai da ka ce waɗancan ba su da na biyu, ɗauki guda ka riƙe mana." Kasuwa ta kwashe da dariya, wannan karon ba Anaruwa ake yi wa ba. Sallau ya karɓi kuɗinsa kamar zai yi kuka. Da Anaruwa ya ɗaga hula, sai ga wata baƙar wuƙa mai ƙotar itace duk ta ji jiki. Tabawa ta ce, "Malam, wannan mummunar?" Ya ce ai shi ya sa aka ce kada a kalla.

Ranar Juma'a tun da hantsi yana kan bishiya yana yanko rassa, daga nan ya kwaso su gida ya shiga aure, in ban da salla babu abin da ya tashe shi daga kan dashensa. Wuƙar tana shiga reshe sumul, yanka ɗaya ba a sakewa. Ranar Asabar inji ya zo. Anaruwa ya tsaya a wurin ya ƙi matsawa nesa, yana kallo har bishiyar ta kwanta, ya yi kuka da murya bai ɓoye wa kowa ba.

Bayan mako uku, dashen suka fasa leda da jajayen toho, layi guda reras a bayan ɗaki. Labari ya kai cikin gari. Sai ga Shekarau ya shigo, ya daɗe a tsaye yana kallonsu, sa'an nan ya ce a hankali, "Anaruwa, ka ba ni guda."

"Sai ka faɗi inda ba za ka sayar ba."

Shekarau ya sunkuyar da kai. "Tsakiyar gidana."

Anaruwa ya ɗauki dashe da igiya da fartanya ya bi shi. Ya auna gidan daga bango zuwa bango, gabas da yamma, kudu da arewa, tsakiyar ta faɗo daidai inda Shekarau ke shimfiɗa tabarmarsa ya sha iska. Ya naɗe tabarmar ya jingine, ya haƙa rami, ya dasa. Shekarau ya dubi jan tohon nan. Ya shiga ya ɗebo ruwa a randa da kansa, ya durƙusa ya zuba.