Sodiyam a Randar Shugaba

Shekarar da naira ta shigo, ina sabon malamin kimiyya a wata sakandare a Gusau, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro sodiyam. Jarrabawar fita ta gabato, muna bitar ƙarafan nan masu laushi da ake ajiyewa cikin kananzir don kada ruwa ya taɓa su. Na gaji da maimaita wa ɗalibai cewa lithiyam kumfa kawai yake yi a ruwa, sodiyam ya yi ta gudu, fotasiyam kuwa ya kama da wuta. Na ce yau ido zai gani.

Babu kwanon gwaji, sai na sa aka ɗauko randar shugaban makaranta, wadda surukarsa ta aiko masa daga Bungudu. Littafi ya ce a yanki kamar ƙwayar gero. Ni kuwa Bazamfare ne, ba a san mu da rowa ba. Na yanko sodiyam kamar goro, don na baya ma su gani, na jefa cikin ruwan randar.

Har bakin titi aka ji ƙarar. Randa ta tarwatse, rabin gemuna ya tafi. Shugaba ya zo, ya dubi tsingaro, ya dube ni.

"Malam, wanga ma shina cikin jarrabawar?"

Ɗalibai suka ci tambayar sodiyam, babu wanda ya ce na gode. Ni aka tura ni Tsafe, ƙarin girma ya tsallake ni.

Har yau in na shiga taron suna, sai wani mai furfura da na koyar ya ce, "A kau da randa, ga Malam nan." Matata ma, da ba a gabanta aka yi ba, a ɗaki take ajiye tata.