Rasuwar Tsohon Rumbu, Wanda Ya Tafi da Muryar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Atiku Gidaɗo na Kaoje nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Tsohon Rumbu, wato ma'ajiyar da ke cikin kwamfutata, wanda ya cika ranar Talata da hantsi. Ya rasu da sauran ƙarfinsa, a hannuna.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya gaggawa. Idan ka kunna shi, kana iya zuwa bakin kogi ka dawo kafin ya buɗe ido. Kullum kalmarsa ɗaya: ƙir, ƙir, tak. Amma ba a taɓa ba shi ajiya ya ci amana ba. A cikinsa muryar mahaifinmu, Malam Gidaɗo masunci, take zaune tun bayan rasuwarsa: yana waƙa yana gyaran taru, ya yi tari, sannan ya ce, “Tasallah, kawo mini ruwa.” Kowace Juma'a Inna Tasallah takan jawo kujerarta ta saurara, takan kuma amsa.

Ciwon ajali ya fara ne da zuwan baƙo. Na sayo sabon rumbu mai sauri daga tsallaken iyaka, tare da filashin ɗora wa kwamfuta manhajar Windo, wadda ta zo da Faransanci zalla. Nasrullahi mai gyara a Bagudo ya yi mini kashedi ta waya cewa in cire tsohon kafin in fara. Ban cire ba. A gidanmu ba a fitar da dattijo waje don an yi baƙo.

Sai baƙon ya ƙi bayyana a allo. Na kashe na kunna, na hure masa ƙura, na sauya wa filashi rami, na shiga saitunan da ko mai su ba ya shiga. A ƙarshe rumbu ɗaya ya fito. Na ɗauka baƙon ne ya ji kunya ya amsa sallama. Kwamfuta ta yi mini wata doguwar tambaya da Faransanci, ni kuwa na amsa mata da kalmar da ke wuce da mu kowane shinge, wato “wi”, “eh” ɗinsu. Ashe baƙon ko zama bai yi daidai a raminsa ba. Wanda ya amsa kiran shi ne wanda ya saba amsawa.

Nasrullahi ya duba gawar, ya tabbatar sabuwar Windo ta hau kansa ta shafe komai.

Marigayin ya bar allo mai tsaga, da caja ɗaure da roba, da batirin da shi ma yau ne ko gobe. Ya kuma bar baƙon, wanda yanzu yake tashi cikin ƙiftawar ido, ba ya da abin da zai faɗa wa kowa. Wallahi ina kewar jiran nan.

Za a sa marigayin a gwangwanin shayi ranar Alhamis bayan la'asar, a ɗora bisa kabad. Ba za a yi wanka ba, ruwa bai taɓa karɓarsa ba. Duk wanda ya taɓa tura waƙar Baba a wayarsa, don Allah ya zo da wayar.

Masu ta'aziyya su shigo ta ƙofar shago, su rage murya. Ba a gaya wa Inna ba tukuna, kuma jibi Juma'a.