Takalmin Yallaɓai Akshan

Duk wanda bai ga ranar da Yallaɓai ya shiga harkar fim ba, an yi babu shi. Tun daga ƙasan bene aka fara jin turarensa. Sai hula mai baki ta bayyana, sai riga mai aljihu goma sha huɗu, kowane aljihu babu komai a ciki sai kwarjini. A ƙarshe baƙin tabarau ya shigo, da mutumin a bayansa. Shekara talatin ya yi yana shugabancin ɗakin ajiye fayil, inda ya yi suna a kan cewa babu takardar da ta taɓa fita daga hannunsa da wuri. Da ya yi ritaya sai ya duba duniya, ya ga fim ne kaɗai bai amfana da basirarsa ba, ya tausaya masa.

Makarantar koyon fim ɗin da ya shiga ɗaki ɗaya ce a saman shagon buga takardu. Kujerun roba goma, fanka mai kuka, kyamara biyu, da wata Malama siririya da ba ta ɗaga murya. Horon na mako uku ne, kuma da hannu ake koyo. Yau ka riƙe fitila, gobe ka ɗaga sandar makirufo har kafaɗarka ta yi tsami, jibi ka naɗe waya. Cikin ɗaliban akwai direban bas, akwai wata tela, akwai mai kemis, kowa jikinsa na rawa. Ranar farko, tun Malama ba ta fito da kyamara daga jaka ba, gwanin namu ya miƙe ya daka tsawa ya ce, "Akshan!" Daga nan sunan ya bi shi.

Da aka miƙa masa waya ya naɗe, sai ya yi murmushin manya.

"Malama, ni fa ba koyo na zo ba, tuni na zo yi wa kaina. Darakta haifarsa ake yi. Mutumin da ya juya ma'aikata shida na shekara talatin, wace kyamara ce za ta gagare shi? Ba wa direba wayar, ya saba da igiya."

Direba ya karɓa yana dariya. Cikin mako uku shi ya koyi haska fuska, tela ta koyi ɗaukar sauti, mai kemis ya san kowane maɓalli a jikin kyamara. Yallaɓai kuwa ya ƙware a haɗa yatsu huɗu ya leƙa ta tsakiya, yana kaɗa kai.

Abin da ajin bai sani ba shi ne akwai wanda Yallaɓai yake yi domin shi. Surukinsa Baba, mahaifin matarsa, tsohon kafinta mai shekara tamanin, bai taɓa zaginsa ba, kuma wannan ne ma abin ciwon. Lokacin da Yallaɓai ya fara kiwon kaji, da lokacin da ya fara rubuta tarihin rayuwarsa, da lokacin da ya fara koyon tuƙi, duk Baba yakan saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "To, mu ga aiki." Shekara ashirin da shida ke nan ba a ga aiki ba. Yallaɓai so yake, ko sau ɗaya, tsohon nan ya dube shi ya ce ya yi ƙoƙari.

Doka ɗaya Malama take maimaitawa kullum. "Kafin ka ce akshan, dubi allon kyamara. In ba ka ga jan ɗigo ba, ba ka ɗaukar komai. Sai ka ce ‘na ga ja’ sannan a fara." Ajin duka sukan amsa tare. Yallaɓai ba ya amsawa, don manya ba sa karatun haɗin baki. Gaskiyar magana kuma, ba tare da tabaran likitansa ba, ko giwa aka saka a allon nan ba zai gan ta ba. Tabaran kuwa yana gida cikin aljihun tebur, saboda yana mayar da shi mai ajiye fayil.

Jarrabawar ƙarshe ita ce kowa ya ɗauki fim na minti uku a jere, babu tacewa, babu dubawa. Ka gama ka miƙa wa Malama katin kyamara, ba za ka ga abinka ba sai ranar nuni, tare da iyalinka. Yallaɓai ya sa wa nasa suna Hawayen Shugaba. Labarin wani babban shugaban ofis ne da ya yi ritaya, ma'aikata suna ta kuka. Ya rantse ba kowa yake nufi ba.

Ranar ɗauka ya ture ƙafafun kyamara gefe, ya ce gwanaye a kafaɗa suke ɗauka. Ya karɓi kyamarar ya daddanna maɓallanta da sauri don a san ya saba. Mai kemis ya matso.

"Yallaɓai, ka ga ja?"

"Ni da nake ganin ja tun kafin a haife ka? Koma wurinka."

Aka yi aiki kuwa. Direba ya faɗi ƙasa sau uku don baƙin cikin tafiyar shugaba, har wandonsa ya yage. Tela ta tuno ranar da ta ɓata yadin wata mata mai faɗa, ta zubar da hawaye na gaske. Duk lokacin da Yallaɓai ya ce kat, sai ya danna maɓalli, ya sauke kyamarar ta rataya a hannunsa, ya ɗora jawabi.

Ranar nuni da la'asar aka ja labule, aka kunna majigi. Ɗakin ya cika da mata da miji da ƙanne da yayye. Aka ga fim ɗin direba, aka tafa. Aka ga na tela, aka tafa. Yallaɓai ya zaunar da Baba a kujerar gaba kusa da matarsa, ya yi gabatarwa ta minti ashirin a kan fim na minti uku, ya rufe da cewa, "Abin da za ku gani yanzu, ni kaina ban san ina da shi ba."

A nan dai ya faɗi gaskiya.

Allo ya haskaka. Ga siminti, ga baƙin takalmi ƙafa biyu yana sheƙi. Daga sama aka ji muryar Yallaɓai yana koya wa direba yadda ake faɗuwa. Ya ce akshan, hoto ya yanke. Nan take takalmin ya dawo. Ashe daddannawar farkon nan ta kunna ɗauka, don haka duk akshan ɗinsa kashewa yake yi, duk kat ɗinsa kunnawa. Faɗuwar direba ba ta shiga ba, hawayen tela ba su shiga ba. Takalmi ne dai, wani lokaci a tsaye, wani lokaci ɗaya yana sosa ɗaya.

Direba ne ya fara kecewa da dariya, sai ɗakin ya ɗauka. Malama ta kai hannu za ta kashe, jama'a suka roƙe ta ta bari. Aka ji Yallaɓai yana sassauta bel da nishi. Aka ji yana raɗa wa mai kemis, "Wai ina ake dannawa hoto ya matso?" Tela tana share hawaye, wannan karon ba sai ta tuno komai ba. Can wajen minti na ashirin da bakwai, murya ta yi ƙasa, yana magana shi kaɗai: "Tsohon nan zai ga aiki. Ni dai ya ce an yi ƙoƙari, ya ishe ni."

Dariyar ta ɗan lafa. Aka buɗe labule. Yallaɓai yana tsaye da hula a hannu, gumi ya jiƙa aljihu goma sha huɗu, amma har yanzu bai cire rai ba.

Baba ya dogara sandarsa ya miƙe a hankali. Ya dubi allon, ya sunkuya ya dubi ƙafafun surukinsa, ya daɗe yana kallo irin na kafinta.

"To, yau kam na ga aiki," in ji shi. "Wa ya goge takalmin nan?"

Matar Yallaɓai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. "Kin yi ƙoƙari."