Rasuwar 'Yar Zoɓo, Motar Alhaji Ɗalha

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Malam Abdurra'uf Ishaƙ, a madadin iyalan marigayi Malam Ishaƙ na Sule Tankarkar, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gumel, Maigatari, Gagarawa da kewaye rasuwar 'Yar Zoɓo, jar motar ƙaninsu Alhaji Ɗalha, mai sayen zoɓo da riɗi a kasuwar Maigatari. Ta rasu ranar Juma'ar da ta gabata bayan la'asar, a ƙofar gidan mahaifiyarsu. Watanta tara a duniya, biyar daga ciki a kwance ta yi su, a garejin kamfanin da ya sayar da ita a Kano.

Tun kafin wani ya tambaya: e, injinta lafiya lau. Ana murza makulli take tashi. Masu shirin cewa "ai tana tafiya" su yi wa Allah su karanta har ƙarshe kafin su buɗe baki.

Alhaji Ɗalha shi ne auta cikin maza huɗu, kuma duk wanda ya tashi auta a gidan talaka ya san ma'anar kwance. Riga sai ta bi ta wuyan mutum uku kafin ta iso gare shi, mai wannan sanarwa ma yana cikin ukun. Keken makaranta na wansa ne, agogon farko na wansa ne, ɗakin da ya kai amarya ma wani wan ne ya tashi ya bar masa. Da Allah ya buɗa masa ya yi motoci uku, duk na Kwatano, ɗaya har da gashin karen Bature a kujerar baya. Mahaifiyarsu, Inna Kyauta, ita ce mai rage wa rigunan nan tsawo, ita ce mai yi musu faci, kuma abin ya tsaya mata a rai fiye da yadda 'ya'yan suka zata. Da likita ya ce tana da hawan jinin ido, ganinta zai yi ta tsukewa har ya rufe, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Auta, kafin idon nan ya tafi, ina so in gan ka cikin abin da ba ragowar kowa ba." Wannan magana ita ta haifi marigayiyar.

Ta kasance mai natsuwa da kawaici. Ba ta tari da safe, ba ta taɓa neman a tura ta ba. Ƙofarta ba ta san "garam" irin ta motocin Kwatano ba, "tif" take cewa a hankali. In direba ya manta ɗaura bel sai ta yi ta "ɗin, ɗin, ɗin" cikin ladabi, ba faɗa ba gori, har ya tuna. Injinta kuwa, akuyar da ke kwance a gindinta ba ta sanin an tayar. Amma abin da ya ba ta suna launinta ne: ja mai duhu, irin ruwan zoɓon farko kafin a sirka shi. Ranar da aka ɗauko ta daga Kano, Alhaji ya tsaya azahar a Gagarawa Tasha, yana fitowa daga masallaci ya tarar da wani dattijo yana gyara zaman hularsa a jikin ƙofarta.

Ta zo da farar leda a manne a kan bonet da rufi da but, wadda masu ƙera ta suka sa don kare fenti a cikin jirgin ruwa. Alhaji ya tambayi jami'in da ya sayar masa, wani mai zaƙin baki da ake kira Malam Nasrullahi, ko a cire. Ya ce, "Haba Alhaji, bar ta da ledarta, ai ita ce shaida. In ka ɓare, wa zai san sabuwa ce?" Daman abin da Alhaji ke son ji ke nan. A ƙasar nan wa ke cire leda? Akwai gidajen da rimot ya tsufa ya mutu a cikin ledarsa, ba wanda ya ga laifi.

Lokacin Inna tana Damagaram wajen 'yarta Sauda, sai Babbar Sallah za ta dawo. Ta aiko cewa a ajiye mata motar, a ƙofar gidan ubansu take son ganinta. Sai Alhaji ya ƙudurta cewa hannun Inna ne zai ɓare ledar nan, kuma ba mahaluƙin da zai zauna a kujerar gaba kafin ita. Uwargidansa Hajiya Lauratu ma a baya take zama, tana mita. Ya hana a kai motar ƙarƙashin dalbejiya don gudun kashin tsuntsaye, ya kafe ta a tsakiyar fili. Wata uku da ɗoriya tana shan ranar bazarar Gumel da leda a ka, shi kuwa yana zagaya ta safe da yamma da ƙyallen gogewa.

Ciwon ajali ya bayyana Sallah saura kwana uku. Alhaji ya sa farce ya ɗaga kusurwar ledar bonet, don kawai ya tabbata ba za ta yi wa yatsun tsohuwa gardama ba. Ledar ta taso da fentin gaba ɗaya, kamar ɓawon dafaffen dankali, ƙarƙashi fari fat. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Daga nan zaune ne ya hango ƙuraje ƙanana sun feso a jikin ƙofofi biyu, inda leda ba ta taɓa zama ba. Ashe da ciwonta ta baro gidansu, ledar ƙarasawa kawai ta yi.

A nan ya yi kuskuren da ya fi na leda. Hajiya Lauratu ta ce, "Alhaji, ka kai wa Inna ita a haka, gyara ya biyo baya." Ya ce shi da ya shekara hamsin cikin faci ba zai kai wa uwarsa mota mai tabo ba. Washegari ya maida ta Kano, Malam Nasrullahi ya dafa ƙirji ya ce sati biyu. Inna ta dawo, aka ce mata mota tana wajen dubawa. Ta ce, "Auta, kawo ta yadda take, ni ba aurenta zan yi ba." Ya ce, "Sati biyu ne kacal, Inna."

Kada Allah ya haɗa Musulmi da sati biyun kamfani. Da farko suka ciro wani littafi daga aljihun motar, suka nuna masa layin Turanci ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, wai a cire leda ranar da aka karɓi mota. Littafin ma a cikin ledarsa yake, su suka fara yaga ta. Alhaji ya juya ya dubi Malam Nasrullahi, shi kuwa ko kunya babu ya ce, "Ni na ce haka, ranka ya daɗe? To, wataƙila raha nake." Suka ce ƙurajen ƙofa nasu ne, ciwon bonet da rufi nasa ne. Wata guda ana ɗaukar hoto ana aika wa manya a Legas, kafin su ce sun yi masa alfarma za su fesa duka.

Suka fesa. Alhaji ya je ya tarar da bonet kalar tumatir, ƙofofi kalar manja, sauran jiki na nan a zoɓonsa. Malam Nasrullahi ya ce, "Rana ce, Alhaji, dube ta a inuwa." Aka tura ta inuwa, tumatir yana nan a tumatirinsa. Suka ce ainihin fentin nata sai an yi odarsa daga waje, yana kan ruwa. Kafin jirgin ya iso, don nuna ƙwazo, suka kankare ta da samfefa har ƙarfe, suka bar ta a filin da ba rumfa ta sha ruwan Agusta. Tsatsa ta kama gefen rufi. Da fentin ya iso mai fesawar ya yi tafiya, aka kawo wani, shi kuma hannunsa nauyi gare shi: fenti ya zubo ya daskare layi-layi, yashi ya manne a kai. Gyaran gangar Abzinawa dai, sak.

Duk Litinin Alhaji sai ya hau motar haya daga Gumel zuwa Kano. 'Yan Gagarawa Tasha da suka ga marigayiyar ranar farko, in mota ta tsaya sukan leƙo su ce, "Alhaji, ina amarya?" Tun yana cewa tana nan tafe, har ya koma kawar da kai, har su ma suka daina tambaya. Wayar Malam Nasrullahi tun tana shiga a ɗauka, ta koma kullum yana mitin.

Idon Inna kuwa bai san da zaman jirgin ruwa ba. Da Sallah tana gane fuska. Tsakiyar damina sai da launin riga take gane 'ya'yanta. Yayyen Alhaji sun same shi sun ce ya ɗauko motar nan ko a yaya take, kada garin neman gira a rasa ido. Ya yarda, wallahi ya yarda, amma a lokacin tana tsirara ba fenti, ƙofofinta a jingine da bango, babu abin da za a ɗauko. Kafin a fara yankan zoɓo, Inna haske da duhu kawai take bambancewa. Alhaji kuwa ya rame, abinci ya fita ransa, duk Juma'a in ya je gaishe ta sai ya zauna ta gefen da ba za ta juyo ba.

Ranar Alhamis da ta wuce aka kira shi ya zo ya ɗauka, ya bar cin kasuwar Maigatari ya tafi. Daga nesa ja ce. Da ya buɗe ƙofa sai ta ce "ƙiiii", muryar da ba ta da ita a da. Ledar kujeru babu. A kujerar gaba, wadda matarsa ma ba ta taɓa zama ba, ga shatin baƙin mai, ga ɓawon gyaɗa a ƙasa, an tura kujerar baya daidai ƙafar wani dogo. Mita ta nuna an yi yawon kilomita ɗari huɗu da ita. Malam Nasrullahi ya miƙo takarda yana murmushi ya ce, "Ta koma sabuwa, Alhaji, sa hannu nan." Alhaji ya karɓa ya sa hannu.

Ranar Juma'a ya kai ta Sule Tankarkar. Hajiya Lauratu ta riƙo hannun Inna har ƙofar gida, ta ɗora tafinta a kan bonet. Inna ta shafa a hankali. Ta bi layin fentin da ya daskare, ta tsaya inda sabo ya hau kan tsoho, ta koma ta sake shafawa. Hannun da ya shekara talatin yana faci ba a ɓoye masa faci. Sannan ta yi murmushi irin na uwar da ta kama ɗanta amma ba ta son ya ji kunya.

Ta ce, "Auta, da ba ka wahalar da kanka wata da watanni kana ɓoye mini ba. Na san ba kowa ke iya sayen sabuwa ba. Allah ya sa albarka. Ta waye da?"

Alhaji ya buɗe baki. Gaskiyar ita ce sabuwa ce, kuma ta kwana a hannunsa lokacin da idon Inna ke gani, shi ya hana. Ya auna wannan, ya ga ba zai iya ɗora mata ba. Ya ce, "Ta wani bawan Allah ce, Inna." Waɗanda ke wurin sun shaida cewa a daidai wannan lokaci ran 'Yar Zoɓo ya yi halinsa, injin yana aiki.

Ta rasu ta bar mai ita, Alhaji Ɗalha, da safaya taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da makulli na biyu, da littafin Turancin nan da ba wanda ya karanta sai bayan hari. Ta kuma bar guntun leda kamar tafin hannu, wanda fentinta na asali ke manne a jiki. Shi kaɗai ya rage da launinta, yana cikin aljihun Alhaji, ya hana kowa taɓawa.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka babu. Wanka ma babu, domin ruwa na shiga ƙarƙashin fentin. Gobe da hantsi za a kai ta bayan sito a gidan Alhaji da ke Gumel, a lulluɓe ta da tamfol ɗin shanya zoɓo, a danne gefuna da bulo. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a ƙofar gida, daga hantsi zuwa la'asar. Ana roƙon jama'a kada wanda ya zo da lambar wani gwanin fenti, kada wanda ya taya motar, kada wanda ya ba da labarin tasa motar da aka gyara ta yi kyau. Wakilan kamfani an yafe musu zuwa.

Masu wucewa Sule Tankarkar gaishe da Inna za su ji tana faɗa wa duk wanda ya shigo cewa Auta ya samu mota ta hannu mai lafiya, an ɗan taɓa jikinta amma injin garau, tana roƙon Allah ya ba shi ikon sayen sabuwa wata rana. Alhaji ya ce kada kowa ya gyara mata zancen. A ce amin kawai.